Misin ɗin motar Kawu: sau biyu anka canza fulogi, ashe ciwon na jikin waya

Ranar wata Talata cikin watan Agusta, ruwa ya kwana yana zuba, ko shago ban gama buɗewa ba sai ga ƴar jar motar Kawuna ta shigo gareji tana tari kamar tsohon da ya shekara arba'in yana busa taba. Ɗanshi ne ya tuƙo, shi Kawu yana gefe ya haɗe rai. Ko gaisuwa ba mu ƙare ba ya ce min, "Ɗana, wagga mota ta ishe ni. Sau biyu anka canza mata fulogi cikin wata ukku, in kai ma ba ka iyawa ka hwaɗa min in aika da ita Kano." Na ce Allah ya huci zuciyarka Kawu, a bar min ita kwana biyu.

Ni aikina rewaya ne, wutar mota, a nan cikin garin Sakkwato, kuma ba kullum irin wagga mota ke shigo mana ba. Mazda MX-5 ce, wadda a Amurka ake ce ma Miata, ƙirar 1994, kujera biyu kacal, rufin tamfol, ga fitilun nan masu ɗagowa sama kamar mai buɗe ido, har yaran unguwa sun laƙa mata "mai ƙyafta ido". A 1989 anka fara fito da irinta, a Hiroshima ta Japan ake ƙera su, na farko suna da inji 1.6, daga 1994 kuma sai anka koma 1.8, to tashi 1.8 ce. Ta Kwatano ta shigo tun zamanin da ana shigo da mota ta bodar ƙasa, kafin gwamnati ta hana a farkon 2017. Kawu tun yana aikin gwamnati yake son ƙaramar mota mai gudu, da ya samu sarari ya saya, yanzu dai ɗanshi ya fi hawanta, shi kuma sai ranar Juma'a da yamma ya ɗan zaga da ita. Mota ce mara nauyi, ba ta wuce tan ɗaya da ɗan abu ba, tayun baya ke ja, injin kuma a miƙe yake daga gaba zuwa baya ba a gicciye ba, saboda haka kana ɗaga bonet wayoyin fulogi huɗun nan na kallonka a jere a tsakiyar tof kaba, wato murfin saman inji. Wajen sauƙin kaiwa ga fulogi kam ba ta da wahala ko kaɗan, shi ya sa ma kowa ya ga dama sai ya kwance.

Abin da sunka gaya min shi ne, in tana sulo ba ka cika jin komai ba sai ɗan rawa jefi-jefi, amma da zarar ka hau titi ka sa giya huɗu ko biyar ka taka totur daga ƙasa sai ta fara jakin, tana fizga tana saki, in ka rage giya injin ya yi sama sai abin ya ragu. Da safe in an yi ruwa ko an wanke ta ya fi tsanani, da rana in ta yi zafi ta bushe sai ta ɗan yi hankali. Ga shan mai, wanda tun da anka cire tallafi a watan Mayun 2023 ba wanda ke wasa da shi, ga warin ɗanyen fetur a salansa. Kafin su zo wurina an wanke nozul, an canza fuwel famfo, an zargi gidan man da yaron ke sha, an canza fulogi karo na farko ta yi lafiya kamar sati biyu ta dawo, anka sake canzawa ta yi kwana goma ta dawo. Wanga "ta yi lafiya sati biyu ta dawo" shi na riƙe a raina tun daga farko, don in da famfo ne ko nozul, sabon fulogi ba zai ba ta ko kwana ɗaya na lafiya ba.

Yaron shagona ya ruga ya ɗauko na'urar sikanin yana ta leƙen ƙarƙashin sitiyari yana neman inda zai soka, na bar shi ya gaji don kanshi. Soket ɗin nan na OBD-II da munka saba da shi sai daga 1996 ya zama dole a motocin Amurka, ita wagga ta girme shi da shekara biyu. Nata wani ɗan baƙin akwati ne cikin bonet, ka haɗa ramukan da ake kira TEN da GND da guntuwar waya ka murɗa makulli, fitilar cek ta riƙa ƙyaftawa kana ƙirgawa. Munka yi, ba ta nuna komai ba, kuma ban yi mamaki ba don birenbos, wato kwamfutar mota, na wancan zamani ba ya ƙirga misin, lokutan da silinda ta ƙi kama wuta, shi dai in sensa ta mutu ya gaya maka. Na kashe makulli da wuri, don irin wagga kwayil ba a son a bar mata wuta a kunne inji na tsaye.

Munka fita gwaji ni da ɗan Kawu, munka miƙi hanyar Bodinga ta wajen filin jirgi inda titi ke da sarari. Giya biyar, gudu kamar sittin, na taka mata sosai, nan take ta fara fizga kamar doki ya ga wuta. Na dawo giya uku, ta tafi sumul. Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya san wuta. Lokacin da ka buɗe totur injin na ƙasa-ƙasa, iska da mai sun cika silinda maƙil, fiston ya matse su, to tartsatsi kafin ya tsallaka bakin fulogi cikin wannan matsi yana buƙatar ƙarfin wuta fiye da na lokacin sulo, ana maganar dubban bolt, har sama da dubu ashirin. Ita kuwa wuta malalaciya ce, in ta ga wata gajeriyar hanya, tsagewa a jikin waya ko danshi ko datti, nan za ta bi ta sauka jikin inji ta bar silinda ba a kunna ba. A sulo matsin kaɗan ne shi ya sa take daurewa. Danshin damina kuma ya ƙara sauƙaƙa mata hanyar gudu.

Da munka dawo wani maƙwabcina bakanike ya matso, ya ce a tada ta mu riƙa zare waya ɗaya-ɗaya mu ji wadda injin bai canza murya ba. Haka munka taso munka ga ana yi, amma na ƙi. Wagga mota ba ta da distirbuta, kwayil biyu ne a bayan inji kusa da bangon da ya raba shi da cikin mota, kowace kwayil na da baki biyu, ɗaya tana ciyar da silinda 1 da 4, ɗayar kuma 2 da 3. Duk lokacin da kwayil ta harba, fulogi biyu ne ke tartsatsi tare, ɗaya a silindar da ke matse da mai, ɗayan a wadda ke fitar da hayaƙi inda tartsatsin ke tafiya a banza. Wutar fita take ta waya ɗaya, ta ratsa fulogi, ta bi ta ƙarfen inji, ta hau ta ɗaya fulogin ta koma gida ta ɗaya wayar, zobe guda ne. In ka zare waya inji na tafiya ka bar ta a iska, wutar ba ta da inda za ta sauka, sai ta nemi hanya cikin kwayil ɗin kanta ta ci ta daga ciki. Kwayil ɗin wagga mota kuwa in ta ƙone ba a shagunan Sahara na nan Sakkwato za ka same ta ba, sai dai a jira Legas.

Sai na jira dare. Bayan Isha'i na koma shago, munka kashe fitilu, na tada ta, na cika robar feshi da ruwa na ɗan fesa sama-sama kan wayoyin. Ai kuwa sai ga shuɗin tartsatsi na tsalle daga jikin waya ta 3 zuwa tof kaba, tas tas tas, kuma duk lokacin da ya yi sai injin ya yi tuntuɓe. Ta 1 ma tana ɗan yi kusa da inda ta goga da ƙarfe, don ƴan robobin da ke riƙe wayoyi a jere duk sun karye an yar. Yarona ya ce "Oga, wallahi kamar walƙiya." Na ce to gobe ka zo da wuri, kada ka taɓa komai sai inji ya kwana ya huce.

Washegari na fara ɗaukar hoton yadda wayoyin ke zaune a kan kwayil da wayar hannuna, sannan na kama hular waya ta 3, ba jikin wayar ba, na ɗan murɗa ta dama da hagu na ja. Ta fito jage-jage da baƙin mai. Na haska tocila cikin ramin, mai ya taru har ya rufe inda sifana ke kamawa. Ta 4 ma haka amma bai kai ba, 1 da 2 a bushe. Gasket ɗin tof kaba ne ya bushe ya ƙame, kuma a wanga inji shi ne dai ya zagaye ramukan fulogi, in ya saki sai mai ya riƙa tsiyaya ciki. Robar da ta shekara talatin tana shan zafin inji ga namu zafin na watan Afrilu da ke haura digiri 40, ai ta yi ƙoƙari. Abin da ya ba ni haushi, wanda ya canza fulogi sau biyu dole ya ga man nan, sifanarshi ma sai ta jiƙe, amma ya ɗaura sabo ya mayar da hula ya karɓi kuɗi.

Kafin in kwance ko ɗaya sai da na tsotse man da tsumma a bakin sukudireba, na fesa fetur kaɗan na sake tsanewa, sannan na busa iska a duk ramukan huɗu. Mu da ke garin ƙura wanga mataki ba a tsallake shi, duk yashin da hunturu ya tara a ramin nan yana jiran ka zare fulogi ne ya zuba cikin silinda. Soket lamba 16 mai roba a ciki da dogon hannu. 1, 2, 3 sun fito ba gardama. Ta 4 ta ƙi. An ɗaure ta kamar notin taya, kuma tof silindan alminiyom ne, in ka yi mishi ƙarfi-ƙarfi zaren zai biyo fulogin ya fito, ƙaramin aiki ya koma babba. Na zuba man sassauta tsatsa, na tafi na sha shayi, na dawo ina kwance kwata ina mayarwa, kwata ina mayarwa, kusan minti ashirin kafin ta saki. Alhamdu lillahi zaren bai ci ba. Shi ya sa na nace sai inji ya yi sanyi, da zafi alminiyom ya fi saurin lalacewa.

Na jera su huɗu a kan kwali na rubuta lambar kowace, don fulogin da ka cire shaida ce, ba a jefar da ita sai an ji ta bakinta. Abu na farko, ba ma iri ɗaya ba ne, biyu wani kamfani biyu wani, kuma rubutun jikin biyun da ɗan goga da yatsa ya fara fita, ga wankin ƙarfen ya dushe, da gani jabu ne. Na sa filageji na auna gibin bakinsu, ɗaya 0.8, ɗaya ta haura 1.3, alhali motar 1.0 zuwa 1.1 na milimita take so. Ta 1 da ta 4 bakinsu ruwan ƙasa-ƙasa, lafiya lau. Ta 2 ta ɗan yi duhu. Ta 3 baƙa ƙirin da warin fetur, sannan a jikin farin tangaran ɗinta na waje akwai wani siririn baƙin layi daga sama har ƙasa kamar an ja da fensir, ka goge ba ya fita. Na leƙa cikin hular wayar, ga irin layin nan daidai wurin. To nan amsar "sati biyu ta dawo" take. Wuta ta riga ta ƙona ma kanta hanya a cikin robar, in ka sa sabon fulogi tangaran ɗinshi na da tsabta sai ta bi hanyar gaskiya na ɗan lokaci, a hankali tsohon layin da ke cikin hula da man da ke ramin su sake zana wani a jikin sabon, ta koma gidan jiya. Ko fulogi goma za a saya haka za a yi ta yi. In kuma ka canza waya kaɗai ka bar fulogi mai layi, shi zai ɓata sabuwar hular. Tare ake canza su.

Na ɗauko mita na auna wayoyin. Littafin Mazda ya ce kimanin om dubu 16 a kowace mita ɗaya ta tsawon waya, wato doguwar, ta silinda 1 da ke can gaba, ita za ta fi yawa, ta 4 da ke kusa da kwayil ta fi kaɗan. Uku sun ba da abin da hankali zai ɗauka. Ta 3 tana nunawa, amma ina lanƙwasa ta kusa da hula sai mita ta ɗauke gaba ɗaya, in sake ta dawo. Cikin wagga irin waya ba jan ƙarfe ba ne, wani zare ne mai garin gawayi da anka yi don kada wutar ta dami rediyo da birenbos, in ya tsufa ko anka riƙa fizgar wayar ta tsakiya sai ya tsinke a ciki, waje kuwa lafiya lau. Kuma tun da ita da ta 2 zobe ɗaya suke, wahalar ta shafi maƙwabciyarta, shi ya sa ta 2 ta yi duhu.

Na kira Kawu na ce abu ukku za a saya, fulogi huɗu, saitin waya, gasket ɗin tof kaba. Ya ce "Fulogi kuma? Na ukku ke nan fa." Na ce Kawu ka zo ka gani da idonka. Ya zo bayan La'asar, na miƙa mishi ta 3 da tocila, ya juya ta ya juya, ya ce "To mi ya hana waɗancan su gani?" Na yi shiru don ba na son in ci naman abokin sana'a.

Neman kaya shi ya ci kwanaki. Fulogi dai akwai, NGK BKR6E-11, na je wurin wanda na daɗe ina sayayya gare shi na ce na gaske nake so ko nawa ne. Lambar nan ba ado ba ce, B kaurin zare milimita 14, K soket 16, R akwai resisto a ciki, 6 lambar zafi, E tsawon zare milimita 19, 11 kuma gibin baki 1.1. Motar na karɓar fulogi mai lamba 5 ko 6, kuma a wurin NGK in lamba ta hau fulogin ya fi saurin zubar da zafi, a Bosch kuma akasin haka ne, mutane da yawa na rikicewa a nan. Da yanayin garinmu da yadda yaron nan ke taka mota na zaɓi 6. Wani ya ce me zai hana a sa mai iridiyom, na ce ba laifi ba ne amma na talakan shi littafi ya rubuta, a canza duk mil dubu 30, kusan kilomita dubu 48, kuɗin bambancin gara a sa a waya mai kyau. Wayar ce babu a gari. Wani mai shago ya kawo min ta Mazda 323 ya rantse inji ɗaya ne, kuma yana da ƴar gaskiya don akwai 323 mai irin wanga inji, amma ita distirbuta gare ta kuma injin a gicciye yake, tsawon wayoyi da bakinsu ba su zo ɗaya ba. Daga Legas anka yo mana webil ɗin waya da gasket, kwana biyar.

Ranar haɗawa gasket na fara. Na sassauta kwayil, na cire notocin tof kaba masu lamba 10, na kankare tsohon da ya ƙame yana karyewa kamar busasshen ƙosai, na wanke, na ɗiga gam kaɗan a kusurwoyin da ke lanƙwasa kawai, ba yadda wasu ke shafe ko'ina har ya faɗa cikin inji ba. Notocin nan ƙanana ne, 5 zuwa 9 na niyuton-mita, daga tsakiya zuwa waje. Da murfin ke buɗe na samu damar ganin tayimin bel, ya fara ƴan tsage-tsage, na ɗauki hoto na ajiye ma Kawu.

Fulogi kuma duk da sabbi ne daga kwali sai da na auna kowane, ɗaya na ɗan gyara. Ban shafa ma zaren komai ba, NGK da kansu sun ce nasu na da wanki ba ya buƙata, kuma maiƙo na sa ka wuce ƙa'ida wajen ɗauri ba ka sani ba. Na soka kan kowane cikin guntun tiyo na zura shi a rami na murɗa da yatsu, in zare ya hau karkace tiyon zai zame kafin a yi ɓarna. Sai ya zauna sannan na sa sifana mai awo, 15 zuwa 22 littafi ya ce, na tsaya a 20. Wanda ba shi da irin wagga sifana, in sabon fulogi ne mai washa, zoben nan na gindin zare, bayan ya zauna da hannu ya ƙara rabin zagaye ko ya ɗan haura kaɗan, shi ke nan.

Anka kira Azahar na tafi masallaci, na ce ma yarona ya jira ni. Ina dawowa na tarar ya zare tsofaffin wayoyin daga kwayil duka ya jera sabbi, yana murmushi wai ya rage min aiki. Munka tada, mota ta yi wata irin girgiza ta harba a salansa kamar bindiga, har mai shayi ya leƙo. Ya musanya 3 da 4. Abin dariyar, da 1 da 4 ya musanya, ko 2 da 3, ba abin da zai faru tun da tare suke harbawa, sai ya je ya haɗa waɗanda ba dangi ba. Hoton nan da na ɗauka shi ya raba gardama. Na sa shi ya cire da kanshi, ya shafa ɗan man silikon a bakin kowace hula, ya danna har ya ji ƙas, ya bi ya jera su cikin sabbin robobin riƙo yadda ba wadda ke gogar ƙarfe ko ta hau kan ƴar'uwarta.

Murɗa ɗaya ta tashi, sulo ya zauna. Munka koma hanyar Bodinga, giya biyar, sittin, na taka har ƙasa, ta ja ba ko tari. Da dare na sake feshin ruwa, duhu kawai. Bayan sati ukku, an yi ruwa sau da dama a tsakani, na sa ɗan Kawu ya dawo da ita, ramuka huɗu a bushe, na zare ta 3 bakinta ruwan ƙasa, tangaran fari tas, ya ce shan man ma ya ragu sosai har Baba ya daina tambayarshi ina yake zuwa.

Abu biyu sun rage. Watannin da ta yi tana tura ɗanyen fetur cikin salansa sun gasa indomin, abin nan mai tace hayaƙi da ke jikin salansa, in ka buga shi da hannu kana jin ƴar kacau-kacau a ciki, na ce a bar shi tukuna tun da bai toshe ba, kada kuma a bari masu sayen indomi su ruɗe shi. Sai tayimin bel, wanda ƙa'idarshi mil dubu 60 ne kuma ba wanda ya san yaushe rabon a canza. Injin ba irin wanda bawul ke karo da fiston ba ne in bel ya tsinke, amma dai tsayawa za ta yi cak duk inda abin ya same ta. Kawu ya duba hoton ya ce a bari sai an biya fansho, ya sa tsohuwar fulogi ta 3 a aljihun rigarshi, wai zai nuna ma abokanshi a majalisa.